Ratar da Na Hana Zoben Fistin

Da hannuna na kashe inji mafi tsada da na taɓa haɗawa a garejina. Ba a sayar mini da kayan jabu ba, kayan aiki ba su gaza ni ba, kuma an gargaɗe ni tun kafin in ɗaura noti ko ɗaya. Abin da ya jawo asarar duka bai kai rubu'in milimita ba. Ina ba da labarin ne domin samarin da ke son sa wa motocinsu turbo suna ƙaruwa, mu makanikai kuma muna karɓar aikin da irin sanin da muka tara wajen gyaran motocin haya da na gida. Wannan sanin ne ya kayar da ni, kuma zai iya kayar da kowa.

Motar Lexus GS300 ce, ƙirar 2001, mai injin Toyota da ake kira 2JZ-GE: silinda shida a jere, lita 3, bulok na baƙin ƙarfe. Mai ita saurayi ne, ɗan wani tsohon kwastomana a nan Kano, wanda tun yana ƙarami ake zuwa da shi gareji. Ya ga yadda ake sa wa irin wannan inji turbo a Amurka da Japan, ya zo ya ce, "Oga, ni dai ba na so a yi mini aikin gaggawa. A buɗe injin a ƙarfafa cikinsa tukuna, sannan a ɗora turbo." Maganarsa daidai ce, na kuma ji daɗin samun kwastoman da ya san abin da yake nema.

Ga wanda bai sani ba, aikin turbo mai sauƙin fahimta ne. Hayaƙin da ke fita daga inji yana juya wata 'yar fanka, ita kuma tana juya 'yar'uwarta da ke kan sanda ɗaya, wadda ke cusa iska cikin silinda da ƙarfi. Fankar tana juyawa fiye da sau 100,000 a minti. Matsin iskar da muke shaƙa kusan bar 1 ne, don haka idan turbo ya ƙara bar 1 a kai, injin yana haɗiyar kusan ninki biyu na iskar da ya saba. Iska ninki biyu tana neman mai ninki biyu, wuta ta ƙaru, ƙarfi ya ƙaru. Amma duk wannan wutar a kan fistin take sauka, ta bi ta konrod zuwa karanshaf. Abin da kamfani ya ƙera don ɗaukar ƙarfin doki kusan 220 ba zai daɗe ba idan aka ce ya ɗauki 400.

Toyota da kansu sun nuna hanya. Injin Supra ta 1993, wato 2JZ-GTE, ɗan gida ɗaya ne da namu, faɗin silindarsu ɗaya, milimita 86. Amma da yake shi an yi shi ne don turbo, sun sauke ma'aunin matsinsa zuwa 8.5 bisa 1, alhali namu yana kan 10.5 bisa 1. Sun kuma sa masa 'yan bututu da ke fesa baƙin mai a ƙarƙashin fistin don sanyaya shi. Dalilin sauke matsin shi ne, iskar da turbo ya riga ya matse, idan fistin ya sake matse ta da yawa, zafinta yana sa mai ya fashe ba bisa ƙa'ida ba, ya riƙa dukan kan fistin har ya farfasa shi. Kamfanin Oldsmobile ya ɗanɗana wannan a 1962 da motarsa Jetfire, ɗaya daga cikin motocin farko masu turbo. Sun bar matsinta a 10.25 bisa 1, sai da suka haɗa mata tankin ruwa da sinadarin metanol don hana fashewar, masu motar kuma suka riƙa mantawa da cika shi.

Duk wannan na karanta, na haddace, har ina ba abokan sana'a labari a bakin gareji. Ina ganin babu abin da ya rage mini.

Muka yi odar kaya daga Amurka, domin irinsu ba a samunsu a Ƙofar Ruwa. Fistin na ƙira guda shida maimakon na zubi da ke zuwa da motar, masu kwarmi a kai don sauke matsi. Fistin na zubi narka alminiyon ake yi a zuba a mazubi, yana da arha amma yana tsagewa idan duka ya yi yawa. Na ƙira kuwa danna ƙarfen ake yi da ƙarfin na'ura har ya ɗauki siffa, shi ya sa yake jure wahala. Muka sayi konrod masu kauri, domin na wannan ƙirar siraran ne. Muka sayi sababbin metal, da gasket mai falle-fallen ƙarfe, da notuna masu ƙarfi na ɗaure tof silinda don kada matsi ya ɗaga shi. Bayan su ga manyan nozul, da famfon mai mafi ƙarfi, da na'urar sanyaya iska kafin ta shiga inji, da birenbos wanda ake iya saitawa da kwamfuta. Yaron ya zuba dukiya, wani ɓangare ma sai da ya sayar da babur ɗinsa.

Na kai bulok wurin wani dattijo mai injin borin, wanda duk muke kira Baba. Ya ƙi taɓa shi sai da na kawo fistin ɗin shida da takardarsu. Ya auna kowanne, ya faɗaɗa silindar zuwa milimita 86.5, ya bar tazarar kusan kashi ɗaya cikin goma na milimita tsakanin fistin da bango. Na ce, "Baba, wannan bai yi sako-sako ba kuwa?" Ya ce fistin na ƙira yana kumbura da zafi fiye da na zubi, idan ba a ba shi wuri ba zai kama bango. Ya ce da safe zan ji yana 'yar ƙara kafin inji ya ɗumama, kada in damu. Na yarda, domin maganar ta shiga hankali. Ina ɗora bulok a mota ya ce, "To, zobban fa? Ka kawo in duba maka." Na ce, "Haba Baba, wannan ai aikina ne." Ya yi shiru.

Tun ina yaron gareji nake sa zobe a fistin, kuma darasin da aka koya mini guda ɗaya ne: zoben da ya matse shi ne mai kyau. Injin da aka kawo mana yana hayaƙi, yana shan baƙin mai, ya rasa ƙarfi, idan muka buɗe za mu tarar zobban sun cinye, ratar da ke tsakanin bakunansu ta buɗe. Mu sa sababbi, rata ta ƙanƙance, hayaƙi ya tsaya, kwastoma ya yi godiya. Zobban kasuwa kuma da ratarsu suke zuwa, sawa kawai ake yi. Matsalarmu da su kullum ita ce wasu suna zuwa sako-sako. Ban taɓa haɗuwa da zoben da laifinsa shi ne matsewa ba.

Ranar haɗa injin, na ɗauki zoben sama na tura shi cikin silinda, na daidaita shi da kan fistin, na zura fila geji a tsakanin bakunansa biyu. Ya ba ni kusan milimita 0.25. Na gwada sauran, duk kusan haka. Raina ya yi fari. Na ɗaga zoben na nuna wa yarana na ce su ga yadda kayan ƙwarai suke, ba irin na kasuwa ba.

A cikin yaran akwai wani da ya yi makarantar koyon sana'a kafin ya zo wurina, yana karanta Turanci sosai. Yana tsugune gefe da takardar da ta zo cikin kwalin zobban. Ya ce, "Oga, takardar nan ta ce sai an goge su. Akwai lissafi a ciki, na mota mai turbo daban yake." Ban ko karɓi takardar ba. Na ce masa wanda ya rubuta ta bai taɓa ganin injin da ke shan mai a Kano ba, kuma idan na goge zobe na buɗe rata, to me ya kai ni sayen sabo? Sauran yaran suka yi dariya. Ya ninke takardar ya mayar cikin kwali, ya miƙo mini gwangwanin mai.

Sauran aikin na yi shi da tsantseni. Na auna tazarar metal, na ɗaure kowane noti da sifana mai auna ƙarfin ɗauri, bi da bi kamar yadda ƙa'ida ta ce. Injin ya tashi a bugun farko. Na gwada matsin silinda shida, duk suka yi daidai da juna, babu ko ɗigon hayaƙi a salansa. Wannan sakamako ya ƙara tabbatar mini cewa ni ke da gaskiya. Mai motar ya yi ta tuƙa ta a hankali yadda na umarce shi, ba ya taka totur, har zobba suka zauna. Muka canza mai, muka kira mai saita birenbos ya zo da kwamfutarsa. Ya fara da ƙaramin matsi, yana ƙarawa kaɗan-kaɗan, yana duba yawan mai da lokacin wuta. A gajerun gwaje-gwaje da sanyin safiya komai lafiya lau.

Abin ya faru ne a watan Afrilu, lokacin da zafin Kano ke haura digiri 40. Muna kan titin bayan gari da rana, ni a gefe, mai motar yana tuƙi, matsin turbo ya kusa bar 1. Ya taka a giya ta uku ya riƙe, motar tana ja kamar ba za ta tsaya ba. Ya sake takawa bai bar ta ta huta ba. Sai muka ji ƙas, ƙara ɗaya tak, ba mai ƙarfi ba. Injin ya fara rawa, shuɗin hayaƙi ya turnuƙe bayanmu. Da muka tsaya na buɗe bonet, sandar duba mai ta yi tsalle daga mazauninta, mai ya fantsama ko'ina.

A nan na yi kuskure na biyu, wanda ya fi na farko muni a wurina. Tun kafin in kwance noti ɗaya na ce wa mai motar, "Man fetur ne. Man ƙasar nan ba ya ɗaukar turbo." Magana ce mai saurin shiga kunne, domin gidajen manmu iri ɗaya suke sayarwa, ba kamar ƙasashen da ake zaɓar mai ƙarfi ba. Da dare kuma na riƙa zargin mai kwamfuta a raina, ina cewa ya gaggauta wuta. Har na fara shirya yadda zan ce fistin ɗin jabu ne. Kowa na lissafa, ban da ni.

Mai kwamfuta ya zo ya nuna mini abin da birenbos ya ajiye na wannan tafiya. Mai ya wadata, zafin ruwa bai wuce kima ba, na'urar jin fashewar mai ba ta ji komai ba. Na ciro filogi, biyar suna da tsabta, ɗaya ya jiƙe da mai, bakinsa a lanƙwashe. Muka ɗaga tof silinda. Fistin na biyar ya rasa wani yanki na gefen kansa, daidai saman ramin zobe na farko, kamar an sa ƙarfe an ɓanɓare shi daga ƙasa. Gutsuren ya daddaki tof ɗin, ya wuce ta bawul ya ci fankar turbo. Bangon silindar ya yi dogayen zane daga sama har ƙasa.

Na kwashi fistin da zobban a tsumma na tafi wurin Baba, har a lokacin ina fatan ya ce mai ne. Ya sa tabarau, ya juya fistin a hannunsa, ya shafa kansa da babban yatsa. Ya ce fashewar mai tana barin 'yan ramuka a kan fistin kamar an watsa masa yashi, wannan kuwa kansa sumul yake. Sai ya ɗauki zoben sama na wata silinda da ba ta lalace ba, ya goge shi da gefen rigarsa, ya fita da shi bakin ƙofa inda rana take. Ya ce, "Zo ka duba bakinsa."

Na duba. Bakunan zobe biyu, inda ya kamata su yi baƙi da hayaƙi tunda ba abin da ke taɓa su, sun yi fari tas suna ƙyalli. Sun goge juna. Na ɗauki na wata silindar, haka. Na ɗauki na uku, haka. Duk shida sun haɗe baki, na biyar ne kawai ya riga sauran karyewa.

Baba bai ce komai ba na ɗan lokaci. Daga baya ya tambaye ni, "Nawa ka ba su?" Na ce 0.25. Ya ce, "Takardar nawa ta ce?" Na buɗe baki ban sami amsa ba, domin ban karanta ba. A tsaye nake a bakin shagon, amma abin da nake gani shi ne yaron nan tsugune da takarda a hannu, da dariyar da na sa aka yi masa. Na tuna Baba da kansa ya ce in kawo zobban. Na tuna na tsaya a wannan wuri na yarda cewa fistin yana kumbura da zafi, amma ban tambayi kaina ko zoben da ke jikinsa, wanda ya fi komai kusa da wuta, shi ma yana kumbura ba. Sanin yana kaina, ban dai kai shi inda ake buƙatarsa ba. Gumin da ya karyo mini a lokacin ba na rana ba ne.

Na koma gareji na nemo kwalin. Takardar tana ciki a ninke, da shatin yatsan yaron na baƙin mai a gefenta. Layin farko ya ce waɗannan zobba da gangan aka yi su da ɗan tsawo, domin mai haɗa inji ya goge su zuwa ratar da aikinsa ke nema. Ƙasa kuma ga jadawali. Na mota mai turbo, zoben sama yana son kusan inci 0.0055 a kan kowane inci na faɗin silinda. Silindarmu milimita 86.5 ce, wato inci 3.4, don haka ratar ta kama kusan milimita 0.48. Ni kuwa na ba shi rabin haka.

Lissafin bai da wuya. Zoben da ke zagaye silinda mai wannan faɗi, in an miƙe shi, tsawonsa kusan milimita 272 ne. Idan ya fi bangon silinda zafi da digiri 100, yana ƙara tsawon kusan milimita 0.3. Bango yana da ruwan lagireto a bayansa, zobe kuwa yana manne da kan fistin. A tuƙin hankali ratar da na bari ta isa da ƙyar, shi ya sa motar ta yi ta yawo lafiya. Da turbo ya ninka wuta a tsakiyar rana, zoben ya miƙe har bakunansa suka haɗu. Daga nan ba shi da inda zai je, sai ya tokare bango ya kama, fistin kuma yana ci gaba da tafiya, gefen kansa ya ɓalle. Duk wanda ya taɓa duba tsohon layin dogo ya ga ratar da ake bari tsakanin ƙarfe da ƙarfe saboda zafin rana. Ita ce na hana zobe.

Da na zauna na yi wa kaina hisabi, na ga abubuwa uku ne suka taru. Na ɗauka ƙarfafa inji yana nufin sayen ƙarfe mai ƙarfi, alhali rabin aikin awo ne, kuma turbo zafi yake ƙarawa kafin komai. Na kuma fi sakaci a wurin da na fi ƙwarewa. Birenbos da nozul na ji tsoronsu, na nemi wanda ya fi ni, amma zobe na raina shi don na saba da shi. Na uku, na auna magana da girman mai faɗinta. Da wani Bature ne ya faɗa mini a bidiyo da na rubuta a bango, amma da yake yarona ne, sai na ji kamar raini. Wanda bai ji bari ba dai ya ji hoho.

Na kira mai motar na zaunar da shi, na ajiye zoben a tafin hannunsa, na nuna masa bakin da ke ƙyalli. Na ce, "Abin da na faɗa maka game da mai ba gaskiya ba ne. Laifina ne, ga shaidarsa." Ya daɗe yana kallon zoben, sannan ya ce, "Oga, da ka bar ni a kan maganar mai, da na sake zuba kuɗi mu sake yin irin wannan." Gaskiya ya faɗa, kuma wannan ne haɗarin ɗora laifi inda ba nan yake ba. Na ɗauki nauyin sabon bulok da fistin da gyaran tof da turbo, na daɗe ina biya. Na kira mai kwamfuta na nemi afuwarsa kan zargin da bai ma san na yi masa ba. Yaron kuma na ba shi haƙuri a gaban waɗanda suka yi masa dariya, domin a gabansu na kunyata shi.

Da muka sake haɗa injin, shi na ba aikin zobba, ina tsaye a kansa. Kowane zobe a silindar da zai zauna ake auna shi, a tura shi da kan fistin don ya daidaita. Baki guda kawai na zoben ake gogewa, daga waje zuwa ciki don kada rufin zoben ya ɓare, kaɗan-kaɗan ana sake aunawa, domin abin da aka goge ba ya dawowa. Sai a kashe kaifin bakin da dutse mai laushi. Zobe na biyu a ba shi rata daidai da ta farko ko fiye kaɗan, don hayaƙin da ya sulale kada ya maƙale a tsakaninsu ya ɗaga na sama. Kowane awo a rubuta shi a takarda, mutum biyu su gani kafin fistin ya shiga. Motar tana kan titi har yau.

Ɗan'uwa makanike, idan aka kawo maka irin wannan aiki, ka karanta duk takardar da ta zo cikin kwali, in ba ka jin Turanci ka sa a karanta maka, ba abin kunya ba ne. Lambar da na ambata ta zobbanmu ce, naka ka bi ta kamfanin da ya yi su. Idan kana kokwanto tsakanin awo biyu, ka ɗauki mai faɗin. Ratar da ta ɗan yi yawa, iyakacin hasararta ɗan hayaƙi ne da zai sulale ƙasa, wanda mai mota ba zai ma ji ba. Wadda ta yi kaɗan kuwa inji take ci gaba ɗaya, kuma ba za ta nuna maka alama ba sai ranar da dukiyar mutane ta riga ta ƙone.